Tun a Takardar Kwangila Ake Yanke wa Lebura Hukunci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in faɗi wata magana da ta daɗe tana sosa mini rai, game da yadda gwamnati ke bayar da kwangila da kuma alƙawarin aikin yi da ake yi wa mutanen da aikin ya sauka a ƙofarsu.

Ni magini ne. Shekarata 26 a wannan sana'a. Da ɗaukar kwanon sarki na fara, na zama birkila, na zama mai kula da ma'aikata a wurin gini, daga baya na yi wa ɗan ƙaramin kamfanina rajista na shiga neman kwangila da kaina. Na tsaya a layin masu jiran a ɗauke su aiki, na kuma zauna a ɗakin da ake buɗe takardun tayi. Abin da zan faɗa a waɗannan wurare biyu na gan shi.

Ranar da ake aza harsashin kowane aiki, makaranta ce ko asibiti ko magudanar ruwa, da wuya mai jawabi ya sauka bai ce aikin zai samar wa matasan yankin abin yi ba. A tafa, a watse. Wata safiya da ba na mantawa, ina kula da ma'aikata a wani aikin magudanar ruwa, na iso tun kafin rana ta fito na tarar da samari sun fi 30 a bakin shingen da muka kewaye wurin da shi. Wasu da shebur ɗinsu, wasu da diga, wani ma baro ya aro ya turo. Sun ji jawabin ranar aza harsashi, sun kuma yarda da shi. Muna nan tsaye sai ga babbar mota ta shigo da ma'aikatan da mai kwangila ya ɗebo daga nesa, da tabarminsu da ƙullin kayansu, domin a wurin za su riƙa kwana. Ni aka tura in sallami samarin. Wani dattijo da ya rako ɗansa ya matso kusa da ni, ya rage murya don kada yaron ya ji, ya ce, "Ɗana, a ƙofar gidana fa za a haƙa ramin nan. Ko ɗibar ƙasa ba za a ba shi ba?" Na ce, "Baba, wallahi ba a hannuna take ba." Gaskiya na faɗa masa, amma har yau idan na tuna yadda yaron ya saɓa shebur ɗinsa ya juya, sai in ji nauyi a ƙirjina.

A lokacin na ɗora laifin duka a kan mai kwangilar. Sai da na fara sayen takardun neman kwangila ina karantawa da kaina na gane cewa an gama yanke wa waɗannan samari hukunci watanni kafin su wanke shebur ɗinsu. Takardar farko da na saya ta haura shafi 100. An rubuta kaurin rodin da za a ɗaura. An rubuta yawan siminti da yashi da tsakuwa a kowane kwaɓi. An rubuta zurfin rami da faɗinsa. Hatta allon da za a kafa a bakin hanya mai ɗauke da sunan aikin an ware masa layinsa da kuɗinsa. Na bi ta shafi-shafi ban ga layi ɗaya da ya ce mutum nawa za a ɗauka daga yankin ba, ko yini nawa za su yi, ko nawa za a biya su, ko wa zai duba an yi hakan. A harkar kwangila kuwa abin da ba a rubuta ba, ba a saka masa kuɗi ba, injiniya ba zai auna shi ba ranar biya, to babu shi. Mu magina mun fi kowa sanin cewa tun ran gini ran zane.

Mai karatu da bai taɓa shiga wannan harka ba zai so ya san yadda take tafiya. Hukuma takan buga sanarwa cewa tana da aiki kaza. Masu sha'awa su karɓi takardu, su cike farashinsu, su haɗa da shaidar rajistar kamfani, shaidar biyan haraji na shekarun baya, shaidar ayyukan da suka taɓa yi, da takardar lamuni daga banki. A rufe a ambulan, a jefa a akwati. Ranar da aka sanya a buɗe a gaban kowa, a karanta sunan kowane kamfani da kuɗin da ya nema. Daga nan kwamiti ya tace, ya ba wanda ya cika sharuɗɗa kuma ya fi kowa sauƙin farashi. Wannan tsari yana da kyau, kuma ba zan yarda a koma zamanin da babban mutum ke kiran wanda ya ga dama ya miƙa masa aiki a falonsa ba. Dokar sayen kaya da bayar da kwangila ta Najeriya ta 2007 da ta Ghana ta 2003 duk a kan wannan turba aka ɗora su, kuma an yi su ne don toshe ɓarnar da kowa ya sani. Kuɗin da ke bi ta wannan hanya ba kaɗan ba ne: a ƙasashen ƙungiyar OECD, wadda yawancin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, ya kai wajen kashi 12 zuwa 13 cikin 100 na dukkan arzikin da suke samarwa a shekara. Babu wani mai saye a kowace ƙasa da ya kai gwamnati. Shi ya sa yadda take saye yake shafar wanda zai samu aiki da wanda zai zauna.

Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar nan ta "mafi sauƙin farashi". Zauna da ni mu yi lissafin mai neman kwangila. Siminti yana da farashinsa a kasuwa, ba ka isa ka sa kamfani ya rage maka don kana son cin tayi ba. Rodi haka, man tifa haka, hayar katafila haka. Abu ɗaya ne a cikin lissafin yake lotsawa idan ka danna shi, shi ne ladan ɗan Adam. Don haka duk wanda ke son ya kayar da abokan takararsa, a kan lebura yake rage kuɗi. Idan ya ci, dole ya nemo mutanen da za su yi aikin a kan wannan ragaggen lada. Ɗan unguwa ba zai yarda ba, ko ya yarda yana da iyaye da 'yan uwa da za su zo su tsaya masa ranar da aka hana shi haƙƙinsa. Wanda aka ɗebo daga nesa kuwa a wurin yake kwana, daga asuba har duhu yana aiki, bai san kowa ba, ba shi da inda zai kai ƙara, ba shi ma da kuɗin motar komawa gida sai an sallame shi. Ba don ya fi iya aiki ake kawo shi ba a mafi yawan lokuta, don ya fi sauƙin dannewa ne. Shi ma zaluntarsa ake yi, kuma ina so a riƙe wannan, domin zan dawo kansa.

Na taɓa neman aikin gina ajujuwa da katanga a wata makaranta. Na kwana uku ina lissafi, na saka ladan ma'aikata yadda nake biyan mutanena. Ranar buɗe tayi mu tara ne. Da aka karanto farashin wanda ya ci, sai na dubi wani abokin sana'a da ke gefena, shi ma ya dube ni, domin mun san kuɗin ko kayan aikin bai gama saye ba, balle ladan masu yi. Bayan mako shida sai ga wani mutum ya zo har inda nake aiki yana tambaya ko zan karɓi aikin. Ashe wanda ya ci ya sayar wa wani, wannan ya cire nasa ya sayar wa wanda ya zo wurina. Ni ne hannu na huɗu. Kowane hannu ya yagi rabonsa ba tare da ya taɓa bulo ɗaya ba, abin da ya rage shi ake so in gina makaranta da shi in kuma biya leburori. Na ƙi karɓa. Wani ya karɓa. Ba sai na faɗi irin bulon da aka buga ba. Kafin damina ta biyu ta wuce katangar ta kwanta.

Dokokin Tarayyar Turai na 2014 sun tanadi cewa idan farashin mai tayi ya yi ƙasa fiye da kima, wajibi ne hukuma ta kira shi ya yi bayanin yadda zai yi aikin a haka, kuma idan aka gano arahar ta samo asali ne daga take haƙƙin ma'aikata, a yi watsi da tayinsa. Tun kafin wannan, a 1949, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 94, wadda ta ce duk kwangilar gwamnati a saka mata sharaɗin cewa ladan ma'aikata da yanayin aikinsu ba za su gaza abin da ake yi wa masu irin wannan aiki a yankin ba. Hikimar a fili take. Idan aka ɗaure ladan lebura a takarda, kowa ya san ba a nan zai yi gasa ba, sai ya koma yin gasa a kan iya tsara aiki, rage ɓarnar kaya da gamawa a kan lokaci. Ranar da kawo mutum daga nesa ya daina zama riba, mai kwangila da kansa zai nemi na kusa, tunda ba sai ya yi jigilarsa ko ya ba shi makwanci ba.

Abu na biyu shi ne girman kwangilar. Sai ka ga an tattara gyaran makarantu 20 a garuruwa daban-daban an ɗaure su a kwangila ɗaya. Daga nan a ce mai nema sai ya nuna ya taɓa yin aiki mai irin wannan girma, ya kuma kawo lamunin banki daidai da shi. Da wannan layi guda an kori duk wani ƙaramin magini, kafinta da mai walda da ke zaune a waɗannan garuruwa, alhali a ƙarshe su ɗin ne za a nemo su yi aikin a hannu na uku ko na huɗu. Me zai hana a raba tun farko, kowace makaranta ko biyu su zama kashi ɗaya, mai ƙaramin ƙarfi ya nemi abin da zai iya? Na san amsar da jami'ai ke bayarwa: kula da kwangila 20 ya fi kula da ɗaya wahala, kuma doka ta hana a daddatsa aiki don a kauce wa talla da gasa. Duka biyun gaskiya ne. Amma daddatsawa a ɓoye don a kauce wa gasa daban, rabawa a fili a tallata kowane kashi daban. A dokokin Turai da na ambata, hukumar da ta ƙi raba babban aiki kashi-kashi ita ce ake nema ta rubuta dalilinta. Kenya kuma tun 2013 ta ware kashi 30 cikin 100 na sayayyar gwamnati ga kamfanonin matasa, mata da masu buƙata ta musamman. Birtaniya ta yi doka a 2012 da ta sa hukumomi su duba amfanin da kwangila za ta yi wa al'umma tun kafin a tallata ta, kuma daga 2021 ma'aikatun gwamnatin tsakiyarta suna ba wannan ɓangare aƙalla maki 10 cikin 100 wajen tace masu tayi. Ba cewa nake yi waɗannan ƙasashe sun gama gyara nasu ba. Ina nuna cewa abin da nake roƙo ba sabon abu ba ne, kuma ba ya karya gasa.

Sai maganar biya, wadda ita ce ta fi kashe mu. Babban kamfani zai iya jiran kuɗinsa shekara guda, yana da banki a bayansa. Ni idan Asabar ta yi ban sallami mutanena ba, Litinin ba zan ga rabinsu ba, kuma ba zan ga laifinsu ba. Akwai aikin da na gama, injiniya ya auna ya sa hannu, na yi wata takwas ina sintiri tsakanin ofis da ofis. Yau a ce fayil yana wurin wane, gobe a ce ba a saki kuɗi ba. A cikin watannin nan na sayar da injin kwaɓa kankare na biya bashin masu yashi da bulo. Mutum 14 nake da su a lokacin, wasunsu mun fi shekara goma tare. Da kuɗin ya fito saura biyar. Akwai wani yaro a cikinsu da na ɗauko yana tura baro, na koya masa ɗaurin rodi har ya fara karanta zanen injiniya da kansa. Ya zo ya durƙusa ya ce, "Maigida, ka yafe mini, iyali ba sa jira." Na ce, "Je ka, Allah ya ba da sa'a." Ya bar sana'ar gaba ɗaya. Dokar Najeriya ta 2007 ta ce kuɗin da ya wuce kwana 60 ba a biya ba bayan an tabbatar da aiki, jinkiri ne, kuma a biya shi da ƙari. A Tarayyar Turai ƙa'idar da aka gindaya wa hukumomin gwamnati kwana 30 ce. Rubutun yana nan. Amma ƙaramin ɗan kwangila da ya nemi wannan ƙari ya san ya yi sallama da samun wani aiki a wannan ofis. Duk hukumar da ke cewa tana son ƙananan 'yan kwangila na gida su shigo, alhali tana riƙe musu kuɗi, tana kiran su ne zuwa ga karyewa.

Akwai kuma hukuncin da ake yankewa tun a teburin injiniya, wato da inji za a yi aikin ko da hannu. Ba na gaba da inji. Babbar hanya ba ta yiwuwa sai da gireda da rola, kuma duk wanda ya ce a fasa dutse da hannu alhali ga inji, bai taɓa riƙe guduma yini guda ba. Amma lambatu, ƙananan kwalbatoci, shimfiɗa duwatsun daɓe a layukan unguwa, buga bulo, dasa itatuwa, gyaran hanyoyin karkara, duk waɗannan ana yin su da hannu su yi kyau idan akwai mai kula na ƙwarai. Katafila za ta haƙa a kwana biyu abin da mutum 40 za su yi makonni suna haƙawa, kuma kuɗin hayarta da na manta barin yankin suke yi, na leburori kuwa a nan suke zagayawa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun shekarun 1970 take koyar da wannan salo na gina hanyoyi da hannun mutane. Afirka ta Kudu ta kafa babban shirinta na ayyukan jama'a a kansa a 2004. Dokar da Indiya ta yi a 2005, wadda ta ba kowane gida na karkara damar aikin yini 100 a shekara, ta sharɗanta cewa kashi 60 na kuɗin ya tafi ga lada, 40 ga kayan aiki. Idan takardar kwangila ba ta ce wannan sashe da hannu za a yi shi ba, babu ɗan kwangilar da zai zaɓi hakan don tausayi.

Yanzu bari in faɗi abin da 'yan uwana masu neman a ba 'yan gari aiki ba sa son ji. Wannan magana tana da haɗari idan aka sake ta ba linzami. Na ga wurin da aka ce a ɗauki 'yan unguwa, sai ga wani mai faɗa a ji ya aiko da jerin sunaye 25. Goma ne suka taɓa zuwa, sauran ranar biya kawai ake ganin wakilinsu. Na ga wurin da wasu samari suka tare hanya suka ce ba tifar da za ta sauke yashi sai an ba su nasu, ba aiki suke nema ba, kuɗin zama suke so. A Afirka ta Kudu, bayan ƙa'idojin bayar da kwangila na 2017 sun ce a ba ƙananan kamfanoni kashi 30 na manyan kwangiloli inda hakan zai yiwu, gungun mutane sun riƙa mamaye wuraren gini, wani lokaci da makamai, suna cewa a ba su kashi 30 ɗinsu, har ayyuka da dama suka tsaya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Haɗari na biyu ya fi wannan muni a wurina, shi ne a mayar da maganar ta koma ɗan asali da baƙo. Ni kaina na yi aiki a garuruwan da ba na jin harshensu, aka ba ni masauki, aka biya ni haƙƙina, da kuɗin na yi aure na rufa wa kaina asiri. Ba zan zo yau in ce a kori wani don ba a nan aka haifi kakansa ba. Amurka ta yi dokar Davis-Bacon a 1931, wadda ta wajabta biyan ladan da aka saba biya a yanki a duk ginin gwamnatin tarayya. Abin da ya tayar da maganar shi ne wani ɗan kwangila daga jihar Alabama da ya ci aikin gina asibitin tsofaffin sojoji a jihar New York ya kawo ma'aikatansa masu arha daga kudu. Dokar ta kare ladan ma'aikata, amma har yau masana na muhawara a kan cewa wasu daga cikin masu goyon bayanta so suke su toshe wa baƙaƙen fata ƙofar aikin gini. Kyakkyawar manufa takan ɗauko mugun nufi a bayanta idan ba a lura ba. Don haka a ganina "ɗan gari" a takardar kwangila ya zama duk wanda ke zaune a yankin da aikin ya shafa, ko daga ina iyayensa suka fito, ko wane harshe yake yi, ko yaya yake ibada. Kuma kada a ce duka ma'aikata. A bar wa ɗan kwangila ƙwararrunsa da ya saba da su, domin shi zai amsa tambaya idan gini ya tsage. Wanda ya zo daga nesa kuma a biya shi daidai da na gida.

Maganin jerin sunayen bogi shi ne a daina ƙirga kawuna, a koma ƙirga yini. Idan aka ce aiki ya ɗauki mutum 200, wanda aka ba tuta ya tsayar da motoci na yini ɗaya ma an ƙirga shi. A rubuta a takardar neman kwangila cewa aikin nan zai ci yinin aiki kaza, kashi kaza daga ciki na mazauna yankin ne, ladan yini ba zai gaza kaza ba. Kowane mai tayi ya saka wannan a lissafinsa, kowa ya tashi daga layi ɗaya. A ajiye rajistar masu zuwa aiki kullum, a biya kowa ta asusunsa ko ta wayarsa don a bar sawu, a liƙa kwafin rajistar a jikin allon nan da aka riga aka ware wa kuɗi. Injiniya kada ya sa hannu a takardar biya sai ya ga rajistar kamar yadda yake duba kaurin kankare. A Amurka ɗan kwangilar ginin tarayya duk mako yake miƙa takardar albashin ma'aikatansa da sa hannunsa cewa gaskiya ce. A shirin aikin karkara na Indiya a gaban taron ƙauye ake karanta rajistar, wanda aka rubuta sunansa bai yi aiki ba, ko ya yi ba a biya shi ba, maƙwabtansa na zaune suna ji. Ɗaukar ma'aikata kuma a yi shi a fili, a sanar da rana, wanda ya zo ya rubuta sunansa, idan sun yi yawa a yi ƙuri'a ko a yi karɓa-karɓa. Da haka babu mai jerin sunaye a aljihu da zai samu ƙofa.

'Yan kwangila sukan ce mutanen gari ba su iya aikin ba. Wani lokaci gaskiya suke faɗa. Na sha neman mai ɗaurin rodi ko mai haɗa katakon da ake zuba kankaren bene a kai a wuri in rasa. Amma ni ma ba da cokalin gini aka haife ni ba, wani ne ya haƙura da ni na lalata masa bulo kafin hannuna ya faɗa. Aikin da zai ɗauki shekara ɗaya ko biyu ya isa a yaye yara a cikinsa. A saka a takarda cewa duk ƙwararru kaza a haɗa su da ɗan koyo ɗaya, a ware kuɗin koyarwar a lissafi kamar yadda ake ware na fenti, a ba yaron takardar shaida idan an gama. In ba haka ba, bayan shekara goma za a dawo wannan gari da wani aikin a sake cewa ba su iya ba. Kuma ginin da aka gama yana buƙatar mai gyara shi. Idan famfo ya lalace ko rufi ya yi yoyo, ba za a jira wanda ya koma garinsu mai nisan kwana guda ba.

Malam Edita, ku ma 'yan jarida ina da roƙo a wurinku. Kuna zuwa ranar aza harsashi, kuna zuwa ranar yanke ƙyalle. Ranar buɗe tayi, wadda ita ce ranar da ake raba abin, ban taɓa ganin ɗan jarida a ɗakin ba, alhali a bainar jama'a doka ta ce a yi. Ku riƙa tura wakili ya zauna ya rubuta sunayen kamfanoni da farashin da aka karanto. Ku nemi kwafin kwangilar bayan an sa hannu. A Najeriya dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa irin wannan buƙata. Ukraine tun 2016 ta wajabta a saka tayin gwamnati a shafin intanet mai suna ProZorro, inda kowa zai ga wanda ya nema, nawa ya nema, da wanda aka ba. Kafin mu kai can, ku fassara mana sanarwar neman kwangila da Hausa, ku buga a inda kafinta da mai walda za su gani da sauran lokaci, domin da yawa daga cikinmu sai an rufe karɓar takardu muke jin labari. Sannan idan aiki ya yi wata uku da farawa, wakilinku ya koma wurin da sassafe, kafin a buɗe shinge, ya tambayi waɗanda ke ciki daga ina suka zo, nawa ake biyansu, yaushe rabon da a sallame su, ya kuma tambayi waɗanda ke tsaye a waje tun yaushe suke zuwa.

Akwai wani aikin magudanar ruwa da aka tallata kwanan nan, na karɓi takardunsa. Na rubuta wa hukumar wasiƙa tun kafin ranar rufewa, kamar yadda ƙa'ida ta ba kowane mai tayi dama, ina tambaya ko za su ƙara sharaɗin yinin aiki na mazauna yankin da mafi ƙarancin lada, don dukkanmu mu saka a lissafi. Ina jiran amsarsu. Ko sun ƙara ko ba su ƙara ba, na saka ladan mutanena cikakke da 'yan koyo uku a nawa farashin, kuma ranar buɗe akwati zan je in zauna a gaba in ji abin da za a karanto.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani magini mai karanta jaridarku